Darasin Kiwon Lafiya: Abinci Mai Gina Jiki da Jijiyoyin Jini

Gabatarwa

Idan kaka ta yi a Manga da sauran ƙauyukan ƙasar Zuru, rumbuna kan cika. Ga dawa, ga masara, ga wake, ga gyaɗa, ga waken suya. A lokacin ne kuɗi ke shiga hannun manomi. A lokacin ne kuma masu talla ke yawaita a kasuwa. Wani yana tafe da gwangwani, wani da leda, wani da kwalba. A ciki akwai gari ko ƙwayoyi. Suna cewa kayan nan suna gina jiki, suna ƙara ƙarfi, suna wanke jini. Wasu har cewa suke yi suna maganin hawan jini.

Akwai manomin da kan sayar da wakensa ya sayi irin wannan gari. Akwai kuma wanda kan ajiye maganin da aka ba shi a asibiti, ya koma shan garin. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ta shafi aljihu, ta kuma shafi rai.

Darasin wannan wata zai amsa tambaya ɗaya. Shin ƙara abinci mai gina jiki yana gyara jijiyoyin jini? Amsar a taƙaice ita ce: yana taimakawa kaɗan, amma ba magani ba ne. Kuma abin da ke cikin gwangwani akwai irinsa a cikin rumbu.

Mene Ne Abinci Mai Gina Jiki?

Abinci iri-iri ne, kuma kowane iri da aikinsa. Tuwo da shinkafa da rogo da dankali suna ba da ƙarfin yin aiki. Ganye da 'ya'yan itatuwa suna kare jiki daga cuta. Wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama su ne ke gina jiki.

Abin da ke cikinsu mai yin wannan aiki sunansa furotin. Da shi jiki ke yin tsoka da fata da jini. Da shi yaro ke girma. Da shi rauni ke warkewa.

Furotin kamar gini yake. Gini ana yin sa da tubala. Shi ma furotin yana da ƙananan tubala iri 20. Idan mutum ya ci wake, ciki zai warware furotin ɗin ya koma tubala. Jini zai kwashe tubalan ya kai inda ake bukata. A can jiki zai sake gina abin da yake so.

Babban mutum mai lafiya ba ya bukatar furotin mai yawa ƙwarai. Masana sun ce kowane kilo ɗaya na nauyin jiki yana bukatar ƙasa kaɗan da giram ɗaya a rana. Ke nan mai nauyin kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50. Mai ciki da mai shayarwa da mai aikin ƙarfi sukan bukaci ƙari.

Yadda Jijiyoyin Jini Ke Aiki

Duk mai noman rani ya san injin ban-ruwa da tiyo. Inji yana tura ruwa, tiyo yana kai shi fangali. Haka jikin mutum yake. Zuciya ita ce inji. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Gaɓoɓin jiki su ne fangali.

A jikin babban mutum akwai jini kimanin lita 5. Zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ba ta hutawa dare da rana. Wasu jijiyoyi suna ɗaukar jini daga zuciya zuwa jiki. Wasu suna dawo da shi. Akwai kuma ƙanana, waɗanda suka fi gashi siranta. Su ne ke miƙa abinci da iska ga tsoka da ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Amma jijiya ta fi tiyo hikima. Jijiya mai lafiya tana da laushi. Tana buɗewa idan mutum ya kama noma, domin jini ya gudu da yawa. Tana komawa daidai idan ya zauna. A cikinta akwai wata siririyar fata mai santsi. Wannan fata ce ke sa jini ya wuce ba tare da ya maƙale ba. Ita ce kuma ke ba jijiya umurnin ta saki jiki.

Yadda Jijiya Ke Lalacewa

Tiyon da ya daɗe a rana yakan bushe ya yi tauri. Wani kuma laka ce ke taruwa a cikinsa har hanya ta tsuke. Idan haka ta faru, inji zai sha wahala. Ƙarshe ko tiyo ya fashe ko inji ya lalace.

Jijiya ma haka take. Tana iya yin tauri. Kitse yana iya taruwa a bangonta. Daga nan sai jini ya riƙa tafiya da matsi. Wannan matsi idan ya zarce ƙima ya kuma daɗe, shi ake kira hawan jini.

Idan aka auna jini a asibiti, ana samun lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Mai lafiya yakan sami kusan 120 a sama da 80 a ƙasa. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to akwai hawan jini.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya shekaru da shi bai ji komai ba. Rana ɗaya sai jijiya ta fashe ko ta toshe a cikin kai. Abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki ke nan. Idan a zuciya ta toshe, sai a ce bugun zuciya. Ƙoda da ido ma suna lalacewa a hankali.

Cutar ba ta masu kuɗi kaɗai ba ce, ba kuma ta 'yan birni kaɗai ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan ɗaya ke da hawan jini. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijeriya, binciken likitoci ya nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana ɗauke da shi.

Abubuwan da suka fi ɓata jijiya su ne yawan gishiri, shan taba, yawan shan giya ko burkutu, ƙiba mai yawa, ciwon sukari da rashin motsa jiki. Tsufa da gado ma suna da hannu.

Ina Haɗin Furotin da Jijiya?

An ce furotin yana da tubala iri 20. Ɗaya daga cikinsu sunansa arjinin. Siririyar fatar nan ta cikin jijiya tana amfani da arjinin. Da shi take yin wata iska 'yar kaɗan. Iskar ce ke sa naman jijiya ya saki, hanya ta buɗe, matsin jini ya sauka. Masana uku na Amurka da suka gano aikin wannan iska sun sami kyautar Nobel a shekarar 1998. Gyaɗa da waken suya da riɗi suna da arjinin da yawa.

Akwai hanya ta biyu. Idan ciki ya narkar da furotin na madara, wasu gutsattsarinsa suna rage ƙarfin wani sinadari mai matse jijiya.

Akwai kuma hanya ta uku. Wake yana riƙe ciki. Wanda ya ci wake yakan rage cin sukari da yawan tuwo. Wake kuma yana da dusa mai rage kitsen jini.

Daga nan ne masu sayar da gari suka samo maganarsu. Akwai gaskiya a cikinta. Amma sai an duba girman gaskiyar.

Abin da Masana Suka Gwada

Masana ba sa yarda da magana sai sun gwada. Sukan raba mutane kashi biyu. Kashi ɗaya a ba su abin da ake gwadawa. Ɗaya kashin a ba su wani abu mai kama da shi. Bayan makonni sai a auna a ga bambanci.

Gwaji na farko an yi shi a ƙasar Sin, an bayyana sakamakonsa a 2005. Mutum 302 ne suka shiga. Jininsu ya ɗan hau, amma bai yi tsanani ba. An ba rabinsu giram 40 na furotin ɗin waken suya kowace rana har mako 12. Lambarsu ta sama ta sauka da kimanin 4 fiye da ta sauran. Ta ƙasa ta sauka da kusan 3.

Gwaji na biyu an yi shi a Amurka, an bayyana shi a 2011. Mutum 352 ne suka shiga. An gwada furotin na waken suya da na madara, giram 40 a rana har mako 8. Kowannensu ya rage lambar sama da kimanin 2.

Gwaji na uku an yi shi a Jami'ar Ridin ta ƙasar Ingila, an bayyana shi a 2016. Mutanen ba su kai 50 ba. An ba su garin furotin da ake samu daga ruwan da ke tsatsowa idan an yi cuku. Sun sha giram 56 a rana har mako 8. Lambar sama ta sauka da kusan 4. An kuma ga jijiyoyinsu sun fi buɗewa da sauƙi.

Gwaje-gwajen nan uku sun nuna abu ɗaya. Ƙarin furotin yana rage matsin jini da lamba 2 zuwa 4. Na wake da na madara duk suna yi.

Me Waɗannan Lambobi Ke Nufi?

Lamba 2 zuwa 4 ba banza ba ce. Likitoci sun lissafa cewa idan lambar sama ta sauka da 5, haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya yana raguwa da kimanin kashi 10 cikin 100. Saboda haka kowace lamba tana da daraja.

Amma ga misali. A ce wani magidanci ya je asibiti an auna shi, an sami 170 a sama. An ba shi magani. Da ya koma gida sai ya ji mai talla, ya ajiye maganin, ya sayi gwangwani. A ce garin na ƙwarai ne, ya kuma yi aiki sosai. To 170 a cire 4, saura 166. Har yanzu ya zarce 140 da nisa. Jijiyarsa tana nan cikin haɗari, shi kuwa yana ganin ya warke.

A ce maƙwabcinsa ma an sami 170. Shi ya riƙe maganinsa. Ƙwayar maganin hawan jini iri ɗaya takan rage kusan lamba 9. Idan ba ta isa ba, likita yakan haɗa iri biyu ko uku. Ya kuma rage gishiri, ya sami ragin wasu lambobi. Ya ƙara wake da awara a abincinsa, ya sami ragin wasu. Da kaɗan-kaɗan sai ga shi ya sauko ƙasa da 140.

Na farko ya kashe kuɗi bai tsira ba. Na biyu ya haɗa hanyoyi uku ya tsira. Furotin ɗan taimako ne. Ba shi ne mai gona ba.

Idan Abu Ya Yi Yawa

Taki yana gyara shuka. Amma idan aka zuba fiye da ƙima, sai ya ƙone ta. Furotin ma haka yake.

A 2024 masana na Jami'ar Fitsbag a Amurka sun bayyana wani bincike. Sun yi shi a kan mutane kaɗan da kuma ɓeraye. Sun ga cewa idan furotin ya zarce kashi 22 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wasu ƙwayoyin jini sukan rikice. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne share datti daga bangon jijiya. A jikin ɓerayen an ga kitse ya ƙara taruwa a jijiya. Tubalin da ke jawo haka sunansa lusin. Ya fi yawa a nama da ƙwai da madara.

Mai cin tuwo da wake ba zai kai wannan iyaka da sauƙi ba. Wanda ke kaiwa shi ne mai cin nama da yawa, kuma ya ɗora gari cokali-cokali a kai.

Ga wani darasi kuma. An ce arjinin yana buɗe jijiya. Sai wasu suka mai da shi ƙwaya suna sayarwa. Likitoci a Amurka sun gwada ƙwayar a kan mutum 153 da suka taɓa samun bugun zuciya. Jijiyoyinsu ba su gyaru ba. Mutum 6 cikin masu shan ƙwayar sun rasu. Cikin waɗanda ba su sha ba babu wanda ya rasu. Dole aka tsayar da gwajin. An bayyana wannan a 2006. Abin da ke da amfani a cikin gyaɗa ba lalle ne ya yi amfani a cikin kwalba ba.

Haɗarin Kayan Kasuwa

Garin da masana suka gwada an auna shi, an san abin da ke ciki. Garin da ake ƙullawa a leda babu suna babu lamba, ba wanda ya san cikinsa sai mai haɗa shi.

Wani garin rabinsa sukari ne. Mai ciwon sukari idan ya sha, ya ƙara wa kansa cuta.

Wani kuma ana haɗa shi da ƙwayoyin sa ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. A cikinsu akwai masu tara ruwa da gishiri a jiki. Fuska za ta kumbura, mutum ya ɗauka ƙiba ce. Alhali jininsa ne ke hawa, sukarinsa na hawa, ƙashinsa na rauni. 'Yan mata da amare su ne suka fi faɗawa wannan tarko.

Ko na ƙasar waje ma ba duka ke da tsabta ba. A 2025 wata ƙungiyar kare masu sayayya a Amurka ta auna garin furotin da abin shansa iri 23. Fiye da biyu cikin uku suna da gubar dalma sama da abin da ƙungiyar ta ɗauka a matsayin iyaka. Mutanen wannan yanki sun san dalma. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Dalma tana hawar da jini, tana kuma ɓata ƙoda.

Saboda haka duk wanda zai sayi kayan gwangwani ya duba abu uku. Ya duba lambar hukumar NAFDAC. Ya duba ranar da kayan zai lalace. Ya duba ko an rubuta abin da ke ciki. Wannan na daga cikin amfanin iya karatu.

Abin da Ke Cikin Rumbu

Ƙasar Zuru ta yi suna wajen noma da kokawa da aikin soja. Samarin da suka yi golmo shekara da shekaru a gonar surukai ba su san garin gwangwani ba. Da tuwon dawa da wake da gyaɗa suka yi ƙarfinsu.

Ga lissafi da gwangwanin madara, wanda kowace mace ke awo da shi:

Gwangwani ɗaya na busasshen waken suya yana da furotin kimanin giram 40.

Gwangwani ɗaya na busasshen wake yana da kimanin giram 30.

Gwangwani ɗaya na ɓararriyar gyaɗa yana da kimanin giram 25.

Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6.

Babban kofi ɗaya na nono yana da kimanin giram 8.

A lura da na farko. Giram 40 shi ne daidai abin da aka ba mutanen ƙasar Sin a gwajinsu. Ke nan manomin da ya sayar da waken suyarsa don ya sayi gari, ya sayar da abu ne da araha ya sake sayensa da tsada.

Dawa ita ma tana da furotin, kusan kashi 10 cikin 100. Sai dai wani tubali ya yi mata ƙaranci. Wake yana da wannan tubali da yawa. Shi kuma wake akwai tubalin da ya yi masa ƙaranci, wanda dawa ke da shi. Idan aka haɗa su sai su cike wa juna. Shi ya sa tuwo da miyar wake, ko koko da ƙosai, ko fura da nono, suka zama abinci mai kyau. Awara da alale da ɗanwake da ƙuli-ƙuli da daddawa duk suna gina jiki. Busasshen kifi irin na Yawuri, ko kaɗan ne a miya, yana ƙara amfani.

Haɗin Gida

Akwai garin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata a arewacin Nijeriya. Ana kiransa Tom Brown. Ga yadda ake yin sa:

A auno hatsi awo 6. Dawa ko gero ko masara, ko a gauraya su.

A auno waken suya awo 3.

A auno gyaɗa awo 1.

A tsince kowanne, a wanke, a shanya ya bushe. A soya kowanne dabam a kasko ba tare da mai ba. A surfe waken suya a fitar da ɓawonsa. A haɗa duka a niƙa. A zuba a mazubi mai murfi, a ajiye inda babu laima. Idan za a sha sai a dama kamar kunu, a bar shi ya dahu sosai.

An fi yin sa domin yara da suka wuce wata shida. Amma tsoho marar haƙori da mai jinya da mai shayarwa duk suna iya sha. Mai ciwon sukari kada a sa masa sukari.

Akwai abin lura biyu. Na ɗaya, ba a cin waken suya ɗanye, sai an soya ko an dafa. Na biyu, a zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci. Fumfunar gyaɗa tana da guba mai ɓata hanta.

Kada Gishiri Ya Ɓata Aiki

Furotin ba ya zuwa shi kaɗai. Kullum yana tafe da abokin tafiya. Abokin tafiyar wake dusa ce, kuma tana gyara jijiya. Abokin tafiyar kilishi da tsire da balangu kuwa gishiri ne da magi da kitse.

Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Idan ruwa ya ƙaru a jijiya, matsi zai ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana. Wannan bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Kuma lissafin ya haɗa da gishirin da ke ɓoye cikin magi da kanwa da burodi da yajin tsire.

Idan aka dafa wake aka cika masa kanwa da magi da gishiri, an ba da hannun dama an karɓe da hagu. Gara a jiƙa wake tun dare don ya yi saurin dahuwa. A rage magi, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Awara da ƙosai kuma kada a riƙa soya su da man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Baki yakan saba da ƙarancin gishiri bayan 'yan makonni.

Waɗanda Za Su Yi Hattara

Mai ciwon ƙoda. Ƙoda ce ke tace dattin da furotin ke bari a jini. Idan ta yi rauni, ƙarin furotin ƙarin kaya ne a kanta. Wanda ƙafarsa ko fuskarsa ke kumbura, ko fitsarinsa ke kumfa, ya ga likita kafin ya ƙara komai.

Mace mai ciki. Tana bukatar abinci mai gina jiki, amma a haɗe da sauran abinci. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar a ba masu ciki gari mai furotin da yawa ba. Abin da ya fi shi ne zuwa awon ciki. A can ake gano hawan jini tun bai kai ga jijjiga ba.

Jariri. Daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Mai shan maganin hawan jini ko na zuciya. Kada ya daina magani don ya ji sauƙi. Kada ya haɗa shi da wani abin kasuwa sai ya nuna wa malamin asibiti.

Abin Yi

Na ɗaya, duk babban mutum ya je a auna jininsa, ko da lafiyarsa lau. Wanda ya kai shekara 40 ya riƙa aunawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana awon a ɗakin shan magani mafi kusa ko a Babban Asibitin Zuru. Bai fi minti biyar ba, kuma babu allura.

Na biyu, a rubuta lambobin a littafi tare da kwanan wata.

Na uku, lokacin kaka a ware wake da waken suya da gyaɗa na ci kafin a kai saura kasuwa.

Na huɗu, a sa abinci mai gina jiki kaɗan a kowane ci, safe da rana da dare. Ya fi a tara shi a ci lokaci ɗaya.

Na biyar, a rage gishiri, a bar taba, a rage giya.

Na shida, idan bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti nan take. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Rigakafi ya fi magani. Magidanci ɗaya idan ya kwanta, gona ta kwanta, gida ma ya kwanta.

Sababbin Kalmomi

Furotin: abin da ke cikin abinci mai gina jiki.

Giram: ƙaramin awon nauyi. Giram 1,000 su ne kilo ɗaya.

Hawan jini: matsin jini a jijiya da ya kai 140 a sama ko 90 a ƙasa.

Gwaji: hanyar da masana ke bi su tabbatar da magana.

Tambayoyi

1. Da me aka kwatanta zuciya da jijiyoyin jini a wannan darasi?

2. Giram nawa na furotin mai nauyin kilo 60 ke bukata a rana?

3. Da lamba nawa ƙarin furotin ya rage matsin jini a gwaje-gwajen masana?

4. An auna wata mata an sami 158 a sama. Idan gari ya rage mata 4, nawa ya saura? Ta fita daga haɗari?

5. Mutum ya ci ƙwai biyu, ya sha nono babban kofi ɗaya. Giram nawa na furotin ya samu?

6. Waɗanne abubuwa uku ake dubawa a jikin gwangwani kafin a saya?

Aikin Aji

Kowane ɗalibi ya rubuta abincin da aka ci a gidansu jiya. Ya ja layi a ƙarƙashin masu gina jiki. Malamin aji ya nemi ma'aikacin lafiya na yankin ya zo da abin awon jini rana ɗaya. Ranar 17 ga watan Mayu ita ce Ranar Hawan Jini ta Duniya, amma ba sai an jira ta ba.